"database is locked": manhaja tana aiki lafiya a wurina, tana ƙin adanawa a kwamfutar mai aikin

Abdulhadi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon manya. Na rubuta wata manhajar kwamfuta ta ajiye bayanan kaya da harshen C++ da Qt (kayan aikin gina manhajoji masu allo), rumbun bayananta SQLite ne, fayil guda ɗaya. Tsarin ba wani mai wahala ba ne. Babban allo yana nuna jerin kayan, sai wani zare (thread, wato layin aiki mai tafiya da kansa a cikin manhajar) na daban da ke aiki a bayan fage, yana karanto fayilolin CSV yana zuba su cikin rumbun. Kowane zare da nasa haɗin, kamar yadda takardun Qt suka ce a yi. A kwamfutata komai lafiya lau. A kwamfutar mutumin da na yi wa aikin kuwa, da zarar an danna maɓallin shigo da kaya sai manhajar ta yi tsit na ɗan lokaci, sannan ta fito da saƙo: database is locked. Na duba, babu wata manhaja da ta buɗe fayil ɗin. To me ke kulle shi?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sauƙaƙa wa kanka. SQLite na waya ne da ƙananan gwaje-gwaje. Tunda har aikin ya kai ga zare biyu suna taɓa rumbu ɗaya, ka girka PostgreSQL, rumbun bayanai mai aiki da sabar, ka huta.

Sadiq:
Ko kuma ka ƙara lokacin jira. Sa busy_timeout ya kai minti ɗaya, in ya ƙi ka zagaye umarnin da madauki ya yi ta gwadawa har ya shiga. Ni haka nake yi.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam Abdulhadi. Kafin a ba ka magani bari a san ciwon. Amsa mini waɗannan. A ina fayil ɗin yake, a faifan kwamfutar ne ko a wata folda da ake rabawa ta netwok? Me PRAGMA journal_mode, wato umarnin da ke nuna tsarin da rumbun ke bi wajen rubutu, yake ba ka? Wace lamba ce ke tare da saƙon kuskuren? Tsit ɗin na tsawon wane lokaci ne? Sai mafi muhimmanci: a wane umarni yake faɗuwa, a BEGIN (buɗe aikin rubutu), a INSERT (zuba layi), ko a COMMIT (tabbatar da adanawa)?

Abdulhadi:
Na gode Malam. Fayil ɗin yana AppData na mai amfani, ba a netwok ba. journal_mode ya ce delete. Lambar 5 ce. Tsit ɗin kamar daƙiƙa biyar. Na sa manhajar ta rubuta kowane mataki, sai na ga duk INSERT suna wucewa, a COMMIT take faɗuwa.

Malam Nasiru:
Madalla, ka riga ka ba mu rabin amsar. Lamba 5 ita ce SQLITE_BUSY, ma'anarta wani haɗi na daban yana riƙe da fayil ɗin. Ba 6 ba ce, wato SQLITE_LOCKED, wadda galibi rikici ne a cikin haɗi ɗaya. Daƙiƙa biyar ɗin kuma ba a banza ta zo ba. Direban SQLite na Qt yana jiran milisakan 5000 in ba ka canza masa ba. Wato ya jira iya jiransa, wanda ke riƙe da fayil ɗin bai saki ba.

Yanzu ka kula da yadda kullen yake tafiya a tsarin delete. Mai karatu yana ɗaukar kulle mai suna SHARED, kuma masu karatu da yawa suna iya riƙe shi a lokaci guda. Mai rubutu yana fara ɗaukar RESERVED, wanda sanarwa ce kawai cewa ina da niyyar rubutu, kada wani marubuci ya shigo. A wannan matakin canje-canjensa suna cikin memori, bai taɓa ainihin fayil ɗin ba, shi ya sa INSERT ɗinka suke wucewa sumul. Sai ya zo COMMIT yake neman EXCLUSIVE, kuma ba za a ba shi ba muddin akwai ko da mutum ɗaya mai riƙe da SHARED. Zai tsaya a PENDING, ya hana sababbin masu karatu shiga, yana jiran tsofaffin su fita.

Saboda haka faɗuwa a COMMIT tana nufin abu ɗaya: akwai mai karatun da bai gama ba. Tunda ka ce babu wata manhaja, to mai karatun nan a cikin manhajarka yake. Akwai wani SELECT, wato umarnin karatu, da aka fara ba a kai ƙarshensa ba, ba a kuma rufe shi ba.

Sadiq, shi ya sa minti ɗayanka ba zai yi aiki a nan ba. Jira yana amfani ne idan wanda ake jira zai tashi. Wannan ba zai tashi ba sai an rufe manhajar. Abin da za ka samu kawai shi ne tsit na minti ɗaya maimakon na daƙiƙa biyar.

Malama Hajara:
Gaskiyar Malam Nasiru ce. Mu masu Python ma muna cin karo da irinta. Mutum zai yi SELECT mai layuka da yawa, ya ɗauki na farko da fetchone, ya bar sauran, ya ci gaba da harkarsa. A wurinsa ya gama karatu, a wurin SQLite kuwa umarnin yana nan a buɗe yana jiran a nemi layi na biyu. Umarni ba ya sakin kullen sai an karanta shi har ƙarshe, ko an kira sqlite3_reset ko sqlite3_finalize a kansa. Abdulhadi, ka bi duk QSqlQuery ɗinka ka ga wanda ya daɗe a raye.

Abdulhadi:
Malama na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk a cikin fankshin suke, suna mutuwa da an fita. Kuma abin da ke ɗaure mini kai, kod ɗin iri ɗaya ne a kwamfutocin biyu. In akwai umarnin da aka bari a buɗe, ai ya kamata ni ma ya kama ni.

Usman:
Tsaya ɗan'uwa. Teburin da ke babban allo, da me kake cika shi? QSqlQueryModel ne ko QSqlTableModel? Kuma layi nawa ne a rumbunka na gwaji, nawa ne a na mai aikin?

Abdulhadi:
QSqlTableModel ne. Nawa na gwaji bai kai layi ɗari ba. Nasa ya haura dubu goma.

Usman:
To ga ɓarawonka nan. Waɗannan model ɗin, wato masu ɗauko layuka daga rumbu su ba teburin allo, ba sa kwaso duka sakamakon a lokaci guda idan direban ba ya iya faɗin yawan layukan tun farko, kuma na SQLite ba ya iyawa. Sukan kwaso layi ɗari biyu da hamsin da 'yan kai, su tsaya, sai mai amfani ya gangara ƙasan teburin su ƙaro wani kashin ta hanyar fetchMore. A rumbunka kashin farko ya cinye duka layukan, SELECT ya kai ƙarshe, kullen ya saku. A nasa kuwa an kwaso kashin farko an tsaya, umarnin yana buɗe, SHARED yana riƙe tun daga lokacin da allon ya bayyana. Ba za ka gan shi cikin QSqlQuery ɗinka ba, domin a cikin model ɗin yake ɓoye.

Gwaji mai sauƙi: zuba layi dubu a rumbunka ka danna shigo da kaya. Sannan ka sake, amma wannan karon ka fara jan teburin har ƙarshensa kafin ka danna.

Abdulhadi:
Allahu akbar. Da layi dubu ta faɗi a wurina ma, saƙo iri ɗaya. Da na gangara har ƙasa kuma ta wuce. Shi ya sa mai aikin ya ce wani lokacin tana yi, ashe idan ya tace jerin ya rage 'yan kaɗan ne. Allah ya saka da alheri Usman.

Sadiq:
Da ka so ka gani da idonka, akwai sqlite3_next_stmt da ke zagaya duk umarnan haɗi, da sqlite3_stmt_busy da ke faɗa maka wanda ke tsakiyar aiki. Qt yana ba ka hannun haɗin ta driver()->handle(). Sai ka haɗa sqlite3.c cikin aikinka ka kira su.

Malam Nasiru:
Waɗannan biyun suna da amfani ƙwarai, amma jimlarka ta ƙarshe akwai rami a cikinta. Qt yakan zo da nasa kwafin SQLite a cikin direbansa. Idan ka ƙara naka kwafin, ka ɗauko hannun da wancan ya ƙirƙira ka miƙa wa wannan, kana wasa da wuta, domin sigarsu na iya bambanta kuma kowanne da nasa lissafin na ciki. A Linux da macOS abin ya fi muni. Kullen POSIX, wato kullen fayil da suke amfani da shi, yana da wata ɗabi'a: idan manhaja ta rufe kowace ƙofa da ta buɗe zuwa fayil, duk kullen da manhajar ke riƙe da shi a kan fayil ɗin yana zubewa, ko da wani zare ne ya ɗauka. SQLite ya san da wannan, yana ajiye jerin fayilolin da ya buɗe don ya kauce masa. Kwafi biyu kuwa jeri biyu ke nan, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Masu SQLite da kansu sun lissafa wannan cikin hanyoyin lalata rumbu. In za a yi, sai an tabbatar Qt da manhajar laburare ɗaya suke kira. Tunda gwajin Usman ya nuna mai laifin, ba ma buƙatarsa.

Malama Hajara:
Yanzu sai gyara. Ni dai shawarata ka kunna WAL. PRAGMA journal_mode=WAL, layi ɗaya. Tun siga ta 3.7.0 a 2010 yake nan. A tsarin WAL mai rubutu ba ya taɓa babban fayil ɗin kai tsaye, yana jera canje-canjensa ne a wani fayil na gefe mai ƙarewa da -wal, don haka mai karatu ba ya tare mai rubutu, mai rubutu ba ya tare mai karatu. Manhajar da ke da allo mai karatu da zare mai rubutu, ai ita aka yi wa shi.

Abdulhadi:
Na kunna. Shigo da kaya yana wucewa yanzu, ko ban gangara ba. Alhamdulillah. Ina ga an gama.

Malam Nasiru:
Ba a gama ba tukuna. WAL abu ne mai kyau kuma ni ma zan ce ka bar shi a kunne, amma SELECT ɗin nan yana nan a buɗe. Saƙon ne ya ɓace. Yi mini abu biyu. Bar manhajar a buɗe, shigo da kaya sau da yawa a jere, ka duba girman fayil ɗin -wal. Sannan bayan an gama shigowa, ba tare da ka rufe allon ba, gwada gyara farashin kaya ɗaya daga babban allon.

Abdulhadi:
Malam kamar kana kallon allona. Fayil ɗin -wal sai ƙaruwa yake, har ya fi babban fayil ɗin girma. Gyaran kuma ya faɗi da database is locked, amma wannan karon nan take, babu jiran daƙiƙa biyar, lambar kuma 517.

Malam Nasiru:
Duk biyun uwarsu ɗaya. Bari in ɗauke su bi da bi.

A WAL, duk mai karatu yana ganin rumbun ne kamar yadda yake a daidai lokacin da ya fara karatun. Abin da aka rubuta bayan haka ba ya ganinsa sai ya gama ya sake farawa. Lokaci zuwa lokaci SQLite yana kwashe abin da ya taru a -wal ya juye shi cikin babban fayil, a bisa al'ada idan ya kai shafi 1000, shafi kuma bayit 4096 ne a sigogin zamani, wato wajen megabayit huɗu. Amma ba zai juye abin da ya wuce inda wani mai karatu ya tsaya ba, don kada ya canza masa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa. Model ɗinka ya tsaya a wuri ɗaya tun buɗe allo. Juyewar ba ta kammaluwa, ba a iya komawa farkon fayil ɗin a sake amfani da shi, sai ya yi ta tsawo. Kuma duk yadda ya yi tsawo karatu yana ƙara nauyi.

Lamba 517 kuma ita ce SQLITE_BUSY_SNAPSHOT. Haɗin babban allo yana riƙe da tsohon hoton rumbun saboda SELECT ɗin da ke buɗe. Zaren bayan fage ya rubuta sababbin abubuwa. Yanzu haɗin mai tsohon hoto ya zo zai yi rubutu. SQLite ba zai yarda a gina rubutu a kan hoton da ya riga ya tsufa ba, kuma ya san jira ba zai sabunta hoton ba, shi ya sa bai ɓata maka lokaci ba ya ƙi nan take. Duk girman busy_timeout da za ka sa, bai shafi wannan ba.

Saboda haka dole a rufe SELECT ɗin. Babu kwana-kwana.

Usman:
Hanya mafi sauri ita ce bayan select() ka sa madauki, muddin canFetchMore yana cewa e, ka kira fetchMore. Layi dubu goma ba komai ba ne ga kwamfutar yanzu. Amma idan rumbun zai kai dubu ɗaruruwa, allon zai riƙa daskarewa a duk buɗewa. Abin da na fi so shi ne mutum ya rubuta nasa model daga QAbstractTableModel, ya riƙa ɗauko kashi-kashi da kansa, kowane kashi da SELECT ɗinsa mai LIMIT wanda ake karantawa har ƙarshe a rufe. Kuma kada ka dogara da OFFSET mai girma, domin SQLite sai ya taka duk layukan da ka ce a tsallake kafin ya kai ga naka. Ka riƙe lambar layin ƙarshe da ka gani, ka ce a ba ka waɗanda suka fi ta.

Sadiq:
Fayil ɗin -wal da ya kumbura fa? Ba sai ya rufe manhajar ya goge shi ba? Ni idan rumbu ya maƙale nakan goge -journal ko -wal, sai ya saki.

Malama Hajara:
Sadiq don Allah ka daina, kuma kada wani a nan ya kwaikwaya. Fayil ɗin -wal ba shara ba ne. Bayanan da aka riga aka yi wa COMMIT amma ba a juye ba suna cikinsa. Ka goge shi, ka goge aikin mutane. Shi kuma -journal, idan ka same shi bayan wuta ta ɗauke ko manhaja ta mutu a tsakiyar rubutu, shi ne ke ɗauke da tsofaffin shafukan da SQLite zai mayar don rumbun ya koma daidai. Ka cire shi, an bar ka da fayil rabi sabo rabi tsoho, sai ka fara ganin database disk image is malformed, lamba 11. Idan haɗi na ƙarshe ya rufe lafiya, SQLite da kansa yake juye komai ya share -wal. In kana son ka rage shi manhaja tana aiki, akwai PRAGMA wal_checkpoint(TRUNCATE), shi ma sai babu mai karatun da ya tare hanya.

Sadiq:
To ai ban taɓa rasa komai ba.

Malama Hajara:
Ko dai ba ka lura ba. PRAGMA integrity_check zai iya ce maka ok alhali layukan ƙarshe sun tafi, domin tsarin fayil yake dubawa, bai san abin da ya kamata a ce yana ciki ba.

Injiniya Bashir:
Kun ga abin da nake faɗa ko? Dubi tsawon bayanin da ake yi saboda tebur ɗaya da zare ɗaya. SHARED, PENDING, 517, kada ka goge wannan, kada ka haɗa wancan. A PostgreSQL da wannan zancen bai taso ba.

Malama Hajara:
Injiniya, da wani zancen ne ya taso. Wa zai girka wa mai aikin sabar a kwamfutarsa? Wa zai kula da kalmar sirri, da sabuntawa, da ranar da sabar ta ƙi tashi? Mutumin nan manhaja yake so ya danna ta buɗe. Kuma barin tiranzakshan (aikin da ke tsakanin BEGIN da COMMIT) a buɗe ba a SQLite kaɗai yake ciwo ba, a PostgreSQL ma yana hana VACUUM share tsofaffin layuka, tebur ya yi ta kumbura. Batun cewa na gwaji ne kuma, Firefox da Chrome da shi suke ajiye tarihin bincike, yana cikin kowace wayar Android da iPhone. Tun shekarar 2000 Richard Hipp ya fitar da shi, kuma masu shi sun ce suna da niyyar kula da shi har 2050.

Injiniya Bashir:
Ban ce ba shi da inganci ba Malama. Abin da na sani shi ne halin masu ba da aiki. Yau kwamfuta ɗaya ce. Gobe zai ɗauki ma'aikaci na biyu, ya ce a sa fayil ɗin a foldar da kowa ke gani, su riƙa shiga tare. Ran nan me za ku ce?

Malam Nasiru:
Ran nan zan ce gaskiyarka ce, ba tare da jayayya ba. WAL ba ya aiki a kan foldar netwok sam, domin masu amfani da shi suna raba memori ta fayil ɗin -shm, kuma kwamfutoci biyu ba sa raba memori. Tsarin delete ma ya dogara ne da kullen fayil na netwok ɗin, wanda sau da yawa ba abin dogaro ba ne, kuma idan ya yi ƙarya marubuta biyu za su shiga lokaci guda. Haka foldar da wata manhaja ke kwafewa zuwa intanet da kanta: tana iya ɗaukar babban fayil a wani lokaci, -wal a wani lokacin, ta haɗa maka abin da bai dace da juna ba. Masu SQLite ba su ɓoye wannan ba, sun ce idan kwamfutoci da yawa za su taɓa rumbu ɗaya ta netwok a nemi mai sabar.

Inda na saɓa da kai shi ne a biya kuɗin gobe tun yau. Abin da zan ce wa Abdulhadi shi ne ya tattara duk SQL ɗinsa a wuri ɗaya cikin kod, kada ya warwatsa shi a kowane allo. In ranar ta zo, ƙaurar ba za ta yi zafi ba. Kuma ya gaya wa mai aikin tun yanzu, a rubuce, cewa ba a ɗora fayil ɗin a foldar da ake rabawa.

Injiniya Bashir:
Wannan na yarda da shi. A rubuce ɗin nan ka ja masa layi.

Abdulhadi:
Na sa madaukin fetchMore na wucin gadi, zan rubuta model ɗin da Usman ya ce daga baya. Yanzu 517 ta tafi, -wal kuma yana tsayawa wajen megabayit huɗu. Saura abu ɗaya. Idan fayil ɗin CSV babba ne, kuma aka gwada gyara kaya ana cikin shigowa, lamba 5 tana dawowa bayan daƙiƙa biyar.

Malam Nasiru:
Wannan kam halal ce, ba kuskuren kowa ba. Ko a WAL marubuci ɗaya ne a lokaci guda. Tambayar ita ce me ya sa zarenka yake riƙe rubutu fiye da daƙiƙa biyar. Ina zargin kana buɗe tiranzakshan, sannan ka fara karanta CSV, kana tantance kowane layi, kana INSERT, duk a ciki. Raba su. Karanta fayil ɗin ka tantance shi tukuna ba tare da ka taɓa rumbun ba. Idan komai ya shirya ka buɗe tiranzakshan, ka shirya umarnin INSERT sau ɗaya da prepare, ka yi ta canza masa ƙima kana zubawa, ka rufe. SQLite yana iya zuba layi dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya idan a cikin tiranzakshan ɗaya suke. Abin da ke da tsada shi ne COMMIT, domin a nan ake jiran faifai ya tabbatar ya rubuta.

Sannan duk inda ka san za ka yi rubutu, ka buɗe da BEGIN IMMEDIATE. transaction() na Qt BEGIN zalla yake aikawa, wanda ba ya ɗaukar kullen rubutu sai an zo rubutun farko. Idan ka fara da SELECT a ciki, wani ya rubuta a tsakani, ka zo UPDATE, 517 za ta sake gaishe ka. IMMEDIATE yana neman kullen tun a bakin ƙofa, inda jira yake da amfani.

Sadiq:
Me zai hana ya yanka shigowar, COMMIT bayan kowane layi dubu? Sai mai gyara ya samu ya kutsa a tsakani.

Usman:
Yana yiwuwa, amma sai ya yanke shawarar abin da zai faru idan aka faɗi a kashi na bakwai. Shida sun shiga, sauran ba su shiga ba, mai aikin ya sake dannawa, kaya su ninku. In za a yanka, a zuba a teburin jira tukuna, a ƙarshe a kwashe zuwa ainihin teburin da INSERT ... SELECT guda ɗaya. Ga girman bayanan Abdulhadi ban ga buƙatar hakan ba, shawarar Malam ta isa.

Malama Hajara:
Tambaya ɗaya da ba wanda ya yi. Abdulhadi, manhajar tana ajiye kwafin rumbun don ɓacin rana? Ta yaya?

Abdulhadi:
E, akwai maɓalli. QFile::copy nake yi wa fayil ɗin .db zuwa inda mutum ya zaɓa.

Malama Hajara:
To tun da ka kunna WAL maɓallin nan ya zama tarko. Kana kwafe babban fayil, kana barin -wal, wato sababbin bayanai ba sa cikin kwafin, kuma babu saƙon da zai gaya maka. Da ma can kwafe fayil ana cikin rubutu haɗari ne. Yi amfani da VACUUM INTO ka ba shi sunan sabon fayil. Ya shigo a siga ta 3.27.0 a 2019, umarnin SQL ne kawai, za ka iya aika shi ta QSqlQuery ba sai ka taɓa laburaren kai tsaye ba. Yana fitar da cikakken kwafi mai daidaito ko da ana aiki da rumbun. Sharaɗinsa kada fayil ɗin da za a rubuta ya kasance da wani abu a ciki, kuma kada ka kira shi a cikin tiranzakshan. Duba sigarka da SELECT sqlite_version(), kuma a cikin manhajar za ka duba, ba a wata manhajar duba rumbu ba, don kowacce da nata kwafin. Bayan an fitar da kwafin, buɗe shi, yi masa integrity_check, ƙirga layukan babban teburin ka gwada da na asali, sannan ka ce wa mutum an adana.

Wani abin kuma, WAL yana zama a jikin fayil ɗin, sau ɗaya ake kunna shi. Amma busy_timeout da foreign_keys (mai tabbatar da alaƙar da ke tsakanin tebura) na kowane haɗi ne, kuma foreign_keys a kashe yake zuwa. Haɗin zarenka na bayan fage ma sai ka kunna masa.

Abdulhadi:
Na duba, a babban haɗin kaɗai na kunna foreign_keys. Zan haɗa buɗe rumbu a fankshin ɗaya kowa ya bi ta nan. Allah ya ƙara ilimi Malama. Tambayar ƙarshe Malam Nasiru: na ga ana cewa idan an kunna WAL a mayar da synchronous, saitin jiran faifai ya tabbatar da rubutu, zuwa NORMAL don sauri. In yi?

Malam Nasiru:
A WAL, NORMAL ba ya lalata rumbu, amma idan wuta ta ɗauke ana iya rasa tiranzakshan na ƙarshe da manhajar ta riga ta ce an adana. FULL yana jiran faifai a kowane COMMIT. Manhajarka COMMIT nawa take yi a minti, biyar, goma? Ba za ka ji bambancin saurin ba, amma mai aikin zai ji idan kayan da ya shigar suka ɓace. Bar shi a FULL. OFF kuwa kada ka kusance shi a rumbun da ke ɗauke da bayanan mutane. Kafin ka kai masa sabuwar sigar, nemi kwafin rumbunsa da izininsa, ko ka ƙirƙiri mai girmansa, ka yi gwajin a kai: shigo da kaya, gyara ana cikin shigowa, fitar da kwafi, sannan ka kashe manhajar da ƙarfi a tsakiyar rubutu ka ga yadda za ta tashi.